Wadda Ta Zauna A Kujerar Kafinta

"Dangi kawai ake bari," in ji nas ɗin. Ta mayar da ƙofar ta rufe a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Auta ta koma kan bencin da ya zame mata gida. Tun ranar da ƙarfen gini ya faɗo wa Kafinta, mai neman aurenta, a ƙafa aka kawo shi asibitin nan, ba ta taɓa tsallake ƙofar ɗakin da yake kwance ba. Iyakarta gilashin da ke jikin ƙofar, shi ma sai ta yi ɗage. Daga nan take hango gadonsa can kusa da taga, da bututun da aka zura masa a baki, da ƙirjinsa yana hawa yana sauka yadda na'ura ta ga dama.

Ita ce ta san awon wuyan rigarsa ba sai ta ɗauko tef ba. Ita ta san idan ransa ya ɓaci sosa gira yake yi. Amma a lissafin asibiti, matar da ke goge ƙasa ta fi ta kusa da shi, don ita ko ba komai tana shiga da bokitinta.

Laifin Auta guda ɗaya ne, ta taɓa aure. Inna, mahaifiyar Kafinta, ta rantse ɗanta saurayi ba zai fara da bazawara ba, sai ka ce Auta ce ta saki kanta. Kafinta ya yi lallashi, ya yi fushi, ya tura manya, Inna ta toshe kunne. Ana cikin wannan ja-in-ja ƙarfen ya faɗo. Ranar da aka kwantar da shi, kafin Inna ta share hawayenta sai da ta nuna wa nas Auta da yatsa ta ce wannan ba tasu ba ce.

Yanzu ga shi raunin ya ruɓe, gubarsa ta shiga jini. Da safiyar nan Auta ta tsinci maganar a bakin Yaya, wan Kafinta, yana waya a bakin matakala. Likita ta ce ko dai a yanke ƙafar yau, ko kuma a fara haƙuri da mai ƙafar.

Tana zaune ta haɗa kai da gwiwa ta ji ƙarar takalmin da ta sani. Gwaggo ce, wadda ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta. Bayanta kuma ga Mai Kemis riƙe da leda, yana tafe yana ƙamshin turare a inda kowa ke warin magani.

Shagon Mai Kemis yana manne da shagon ɗinkin Auta. Ya daɗe yana sonta, kuma ya gane tun da wuri cewa ƙofar Auta a rufe take, sai ya bi ta tagar Gwaggo. Maganin ciwon gwiwa kyauta, awon jini kyauta, gaisuwa safe da yamma. Gwaggo kuwa ta sa shi a baki kamar tasbihi.

Gwaggo ba ta ko zauna ba ta fara. Ta ce ɗinkin mutane ya taru a shago, masu kaya sun fara zagi. Ta ce 'yar mutunci ba ta zaman benci a ƙofar mutanen da suka ce ba sa sonta. Ta ce ko da Kafinta yana da ƙafa biyu uwarsa ba ta yarda ba, balle yanzu.

"Gwaggo, don Allah ki bar ni," Auta ta ce. "Ban ce a ba ni shi ba. So nake kawai in ji ya farka."

"Ya farka ya yi miki me? Ke za ki riƙa goya shi? 'Yar nan, ni na raine ki, ba zan zuba ido ki fito daga rami ki faɗa rijiya ba."

Auta ta fashe da kuka. Gwaggo ta yi tsaki, amma idonta ita ma ya kawo ruwa. Ta ce bari ta je ta nemi inda za ta wanke fuska, ta bar su su biyu.

Mai Kemis ya ajiye ledar a gefenta, ya zauna nesa kaɗan yadda mutanen kirki ke yi. Ya yi mata sannu. Ya yi wa Kafinta addu'a doguwa, har da shafawa. Sannan ya sassauta murya.

"Na ji ana maganar yanke ƙafa. Kin dai tuna ranar wandon nan ko?"

Auta ta kau da kai. Yaushe za ta manta?

Wata rana ce da hantsi, Kafinta na zaune a shagonta yana gyara mata ƙafar tebur, Mai Kemis na tsaye a bakin ƙofa yana neman abin cewa. Wani bawan Allah ya shigo da sanduna biyu a hammata, ya miƙo mata sabon wando. Ya ce ta yanke ƙafar hagu daga gwiwa ta ɗinke bakin, don iska na kaɗa ta tana kama masa sanda. Auta ta yi masa aikin yana jira. Da ya fita, Kafinta ya daɗe yana kallon guntun yadin da ya faɗi ƙasa. Shi da rayuwarsa duk a kan rufin gidaje take, tsani ne hanyarsa ta zuwa aiki.

Ya ce mata in har irin wannan ta same shi ba ya cikin hayyacinsa, kada ta bari a taɓa masa ƙafa. Gara a bar shi ya tafi da abarsa. Ta yi dariya ta ce ya daina mugun baki. Shi bai yi dariya ba. Ya dafe almakashin da ke hannunta, ya ƙi saki sai da ta ce ta yi alƙawari.

"A gabana aka yi," in ji Mai Kemis. "Ni dai tunatarwa nake yi. Alƙawari kaya ne."

Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi. Fuskarsa cike take da tausayi, irin tausayin mai jiran gado. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta ɗauki ledarsa ta mayar masa kan cinya.

A can ƙarshen barandar akwai wani ƙaramin ofis, nan Likita ta tara iyalin Kafinta. Likitar mace ce mai furfura kaɗan a goshi, kuma tana da wata ɗabi'a da ma'aikatan sashen duk sun santa da ita. Duk lokacin da za a yanke shawara a kan wanda ba ya iya magana, sai ta jawo kujera guda ta ajiye a tsakiya, ta hana kowa zama. Ta ce ta mara lafiya ce. Wanda duk zai yi magana, ya dubi kujerar ya faɗi abin da mai ita zai ce, ba abin da shi yake so ba.

Daga benci Auta ba ta jin kalmomi, sai tashin murya. Ta Yaya mai kauri, ta Inna mai kaifi. Daga baya ta ji yadda aka yi. Yaya ya ce a yanke, in da rai da rabo. Inna ta ce da ƙafa biyu ta haifi ɗanta, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Likita ta ce duk ta ji, amma har yanzu ba wanda ya dubi kujerar. Ta tambaye su da wa Kafinta ya fi buɗe cikinsa.

Inna ta juya fuska. Yaya ne ya faɗi gaskiya, ya ce da Auta ne.

Ƙofar ofishin ta buɗe, ya leƙo. Bai taɓa kiran Auta da komai ba sai "ke", yau ma bai canja ba.

"Ke, Likita na son ganinki."

Ta miƙe. Mai Kemis ya bi ta da kallo. Gwaggo da ta dawo ta buɗe baki za ta hana, ta ga ba fuska, ta rufe.

Ofishin ƙarami ne, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Inna na zaune jikin bango ta juya fuska gefe, ta rame har zoben hannunta yana yawo. Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta amsa wa bango.

Babu sauran wurin zama sai kujerar tsakiya. Auta ta nemi ta rakuɓe a ƙasa, Likita ta ce a'a.

"Zauna a nan. An ce ke kika fi kowa sanin bakinsa, to yau ki ara masa naki."

Ta zauna a bakin kujerar kamar an shimfiɗa mata ƙaya.

Likita ta yi mata bayani dalla-dalla, ba ta ɓoye komai ba. In an yanke daga saman gwiwa yau, tana kyautata zaton zai tashi. In ba a yanke ba, magani ya riga ya gaza, za su ci gaba da rage masa zafi ne kawai har Allah ya yi ikonsa. Ta ce Yaya da Inna ne masu iko a doka, amma sun rabu biyu, kuma dukansu sun yarda maganar mai jikin ita ce gaba da tasu.

"Ban tambaye ki abin da kike so ba, 'yata. Wannan na gan shi a fuskarki tun daga ƙofa. Ya taɓa faɗa miki wani abu a kan irin wannan?"

Auta ta dubi hannuwanta. Gaba kura, baya sayaki. In ta faɗi gaskiya, ta cika alƙawari, ta goyi bayan Inna a karo na farko, sannan ta koma benci ta jira a fito da shi a lulluɓe. In ta yi ƙarya, zai rayu, kuma zai farka ya tarar wadda ya damƙa wa amana ita ce ta miƙa shi. Tana sonsa, so irin wanda ba ta yi wa mijinta na fari ko kwatansa ba. Ta ji haushinsa ma a lokacin, haushi sosai. Wa ya aike shi ɗora mata wannan kaya a kan guntun wando?

"Ki yi a hankali," Likita ta ce. "In bai taɓa cewa komai ba, ki ce bai ce ba. Wannan ma amsa ce."

Ga ƙofa an buɗe mata, amma ta san ba ta fita ba ce. In ta ce bai ce komai ba, Inna za ta tsaya a kan bakanta, a yi ta jayayya har rana ta faɗi, gubar kuwa ba ta jiran a gama shawara.

Hawaye suka zubo mata. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba.

"Ya taɓa faɗa. Wani mai ƙafa ɗaya ya kawo mini ɗinki yana zaune. Da mutumin ya fita, sai ya ce..." Ta share hawaye. "Ya ce shi in shi ne, a yanke. Ya ce rai ya fi ƙafa. Ya ce ba zai so ya bar Inna ba."

Yaya ya sauke ajiyar zuciya har kujerarsa ta yi ƙara. Likita ta daɗe tana kallon Auta, sannan ta tambaya ko ta tabbata haka ya faɗa. Auta ta gyaɗa kai. Ta sake tambaya, Auta ta ce ta tabbata.

A lokacin ne Inna ta juyo. Tunda suke, ba ta taɓa kallon Auta ido cikin ido ba sai yau. Kallon ya yi tsawo, Auta ta kasa gane ko na tsana ne ko na mene ne. Can Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska.

"Tunda shi ya ce, a yi," ta faɗa daga cikin mayafin.

Kafin la'asar aka tura shi tiyata. Da gadon ya wuce ta gaban benci, Auta ta miƙe tsaye. Ƙafafunsa biyu na ƙarƙashin farin zane, ta bi su da ido har ƙofa ta rufe.

Yaya da bakinsa ya ba da labari a baranda, yana yaba wa ƙaninsa da hangen nesa. Mai Kemis ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Da zai tafi ya tsaya kusa da Auta ya ce kada ta damu, shi ba mai yawan magana ba ne, kuma abin da ya shafe ta ya shafe shi. Ta gane sarai. Daga yau shirunsa ma kaya ne a kanta.

Aikin ya yi kyau. Zazzaɓin ya fara sauka, aka rage na'urori ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta gaji da faɗa ta koma aiko mata da abinci. Auta na zuwa da safe ta koma da yamma, ta buɗe shago ta kasa taka keken ɗinki. Duk wandon da ta ɗauka sai ta ajiye. Mutane suna yi mata barka da arziki, tana amsawa da baki kawai. Addu'arta ta rabu biyu, tana roƙon ya farka, tana tsoron ranar.

Ranar ta zo da hantsi. Nas ta fito da sauri ta ce ya buɗe ido, an cire bututun, yana neman mutanensa. Yaya ya shige. Inna ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya ta waiwayo.

"Taso," ta ce wa Auta.

Nas ta fara cewa dangi kawai, Inna ta katse ta.

"Tamu ce."

Kalmar da Auta ta yi ta mafarkin ji ke nan, ga ta ta zo a ranar da ta fi son a bar ta a benci. Ta taso. Kafin su shiga Inna ta riƙo hannunta, ta jawo ta kusa har tana jin numfashinta.

"Na san abin da ya faɗa miki. Ni ma ya faɗa mini, ranar da ya dawo daga shagonki. Har rantsar da ni ya yi."

Auta ta nemi durƙusawa.

"Inna, ki yafe mini, wallahi ni..."

"Yi shiru. Kwana nake ina roƙon Allah ya kawo wanda zai ƙaryata ni. Ni na kasa, bakina ya ƙi. Ke kika iya." Hawaye na bin kuncin tsohuwar, ba ta share ba. "Ban so ki ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗana yana numfashi."

Suka shiga tare.

Daga kusa ya fi yadda take hangowa ramewa. Leɓɓansa sun bushe, gemu ya tsiro masa barkatai. Zanen da aka rufa masa ya tashi a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya kwanta shafal daga cinya zuwa ƙarshen gado. Hannunsa na kan wurin. Ya riga ya sani.

Ba ya kuka. Da kuka yake yi da ya fi sauƙi. Ya sauke idonsa daga silin, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, Yaya, Inna, sannan ita. Da ya gan ta sai fuskarsa ta ɗan saki.

Muryarsa a dishe take, sai da suka matso suka ji.

"Wa ya ce a yi?"

Yaya ya fara kame-kame, yana cewa a gode wa Allah tukuna, magana ta biyo baya. Kafinta bai ko dube shi ba. Ya sake tambaya, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

Auta ta ji lokacin ya yi. Gara ta faɗa da bakinta ya tsane ta, da ya ji a bakin wani. Ta share fuska, ta matsa gaba, ta buɗe baki.

"Ni ce," in ji Inna.

Auta ta juya a firgice. Inna ba ta dube ta ba, sai dai ta danne mata ƙafa da tata a ƙarƙashin gado. Yaya ya sunkuyar da kai.

"Ni na haife ka, ni na ce a yanke. In fushi za ka yi, ga ni."

Kafinta ya rufe ido. Hawaye guda ya gangaro ta gefen kunnensa ya shige matashi. Ya daɗe a haka, sannan ya juyar da kansa daga wajen mahaifiyarsa. Inna ta yi baya kaɗan kamar an ture ta, ta dafa ƙarfen gado.

Ya laluba ya kamo hannun Auta. Duk da ciwon, riƙon nasa na mai riƙe guduma ne.

"Na sani," ya ce. "Na san ba su bar ki kin shigo ba. Da kina nan, da ba a yi mini haka ba."

Ta so ta zare hannunta, ya ƙara damƙewa. Ta dubi Inna, Inna ta girgiza mata kai a hankali, idonta na roƙo.

"Ke kaɗai kika rage mini da zan yarda da ita, Auta," ya ce. "Kada ki tafi."

"Ina nan," ta ce.